Shehu Muhammadu Al-Katsinawi, Masanin Hisabin Da Ya Kwanta A Alƙahira

Cikin malaman ƙasar Hausa na ƙarni na 18, kaɗan ne sunansu ya kai inda na Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi ya kai. A Katsina ya tashi, ya yi karatu wurin malamai da dama, har da Shehu Muhammadu Al-Wali, mutumin Bagirmi. Bayan fiƙihu da nahawu, sai ya duƙufa kan hisabi da ilmin taurari.

Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin hajji, daga can ya zarce Masar. A Alƙahira ya sauka gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, wanda asalin kakanninsa mutanen gabashin Afirka ne, kuma gwani ne wajen lissafin taurari da ma'aunai. Mai masauki bai ga ƙasƙanci ba ya zauna ya ɗauki ilmin wafaƙi a wurin baƙon nan nasa Bakatsine.

Wafaƙi, wato abin da almajirai suka sani da hatimi, murabba'i ne da ake raba shi gida-gida a zuba lambobi, yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mai gida tara, daga 1 zuwa 9, jimlarsa 15; mai gida 25 kuwa 65. A shekarar 1732 Shehun ya rubuta littafi da Larabci, ya bayyana ƙa'idojin cika irin waɗanda yawan gidajen gefensu mara ne, ba tare da laluben duhu ba. Da yawa nan gida sun riƙe hatimin don laya kurum, sun bar lissafin da ke ƙarƙashinsa, abin da kuwa hasara ce.

Ya rasu a gidan Al-Jabarti cikin 1741, ya bar masa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman, shahararren marubucin tarihin Masar, shi ya adana labarinsa.

A 1967 Malam Hassan Ibrahim Gwarzo ya buga nazari a Jami'ar Badun kan yadda Shehun ya yi bayanin ramzi, wato ƙirga shekara da haruffa. A 1973 kuma wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta sa aikinsa na wafaƙi cikin littafinta kan lissafin Afirka, wanda daga nan ɗalibai a ƙasashen Turai da Amurka suka fara jin sunansa.