Muhammadu Durugu, Babban Gwanin Zazzau

Duk wanda ya taɓa neman maginin da zai sake masa rufin soro ya san tā da bango ba shi ne wuyar aiki ba, wurin rufi a ke gane gwani. A ƙasar Hausa kuwa, in ana zancen rufi, babu sunan da ke gaban na Muhammadu Durugu, mutumin Zariya, wanda waɗansu littattafai ke kira Malam Mika'ilu, amma duniya ta fi saninsa da Babban Gwani.

Ya yi zamaninsa ne bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sa'ad da sababbin sarakuna suka zauna da gindinsu, kowa yana bukatar masallaci da fada waɗanda za su dace da shi. Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, shi ne ya ɗora masa aikin Masallacin Jumma'a na Zariya, aikin da ya fid da sunansa ko'ina.

Kafin mai karatu ya gane girman abin da ya yi, sai ya san halin azara. Azara daga giginya a ke tsago ta, tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cika cinta ba. Amma in aka shimfiɗa ta aka aza mata ƙasa, ba ta jimre nauyi in tsakanin bango da bango ya ɗara ƙafa shida da yawa. Shi ya sa ɗakunan talakawa ba su da faɗi. Masallacin Jumma'a kuwa dole ya ɗauki sahu bayan sahu. Dabarar ita ce bakan gizo, watau a dasa azara cikin ginshiƙi, a ɗaura wata bisa wata da igiya, kowace tana ɗan ƙara sunkuyowa, ana bi ana lulluɓewa da ƙasa, ana jira ta bushe, har hannuwan biyu su gamu a tsaka. Inda bakan gizo suka gitta juna aka rufe bisansu da tulluwa, shi ne ɗaurin guga. Sa'an nan a jera azara, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a shafe da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a kafa indararo don ruwa ya sami hanya.

Ba shi ya ƙago wannan dabara ba, magina sun san ta tun kafinsa. Abin da ya bambanta shi shi ne ya kai ta inda wani bai kai ba, ya kuma ƙawata ginshiƙai da zāne har mai shiga ya manta ƙasa ce da itace. Ana faɗin wai da dare ya ke aiki don kada a ɗauke masa sirri. Mu dai a ganinmu mai irin wannan hannu ko da rana tsaka ya yi, mai kallo ba zai kwashe kome ba.

Daga Zariya sarakuna suka yi ta aiko masa. Shi ya gina Gidan Madaki a Kafin Madaki ta ƙasar Bauci wajen 1860, wanda Gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Ƙarshensa, bisa ga labarin da a ke bayarwa, abin tausayi ne: da ya gama wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, sai Sarkin ya sa aka kashe shi, don kada ya je ya gina wa wani wanda ya fi shi. Zuriyarsa suka ci gaba da sana'ar a Zariya, unguwarsu ma sunansa ta ci.

Cikin shekarun 1970 aka kewaye tsohon masallacin da sabon ginin siminti. Zbigniew Dmochowski kuwa, wani masanin gine-gine mutumin Folan, ya auna shi sarai, aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Ran 11 ga Agusta, 1923 ɗin nan da ta cika ɗari, watau 2023, wani sashe na masallacin Zariya ya rufta ana cikin sallar La'asar, mutane da dama suka rasu. Allah Ya jiƙansu.