Christopher Spencer, maƙerin da ya sa inji ya riƙa sassaƙa ƙarfe shi kaɗai

A watan Agustan 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, wani makaniki ɗan shekara 30 ya isa fadar White House ɗauke da bindigar da ya ƙera. Shugaba Abraham Lincoln ya karɓe shi, ya duba bindigar, daga baya suka fita wani fili da ke kusa da fadar, shugaban ya gwada harbi da ita a kan wani katako. Wannan shi ne labarin da aka fi bayarwa idan an ambaci Christopher Miner Spencer.

Sai dai kamfanin da ke ƙera bindigar ya rufe shekara shida kacal bayan wannan rana. Aikin Spencer da ya yi tsawon rai wani ne daban, wanda ba a cika jin labarinsa ba: injin da ya yi wa rajista a 1873, mai karɓar doguwar sandar ƙarfe ya riƙa fitar da sukuru da sauran ƙananan kayan inji ɗaya bayan ɗaya, duk girmansu ɗaya, ba tare da hannun mutum ba. Masana'antun duniya sun ci moriyar wannan inji, amma mai shi bai samu kason da ya kamata ba, saboda wani kuskure da aka yi a takarda.

Yaron da ya tashi a cikin ƙarafa

An haifi Spencer ranar 20 ga Yunin 1833 a Manchester, wani ƙaramin gari na jihar Connecticut a arewa maso gabashin Amurka, wanda suna kawai ya haɗa shi da Manchester ta Ingila. Bai yi dogon karatun boko ba. Yana yaro ya zauna wurin kakansa na wajen uwa, Josiah Hollister, tsohon sojan yaƙin neman ƴancin Amurka, a nan ya fara taɓa katako da ƙarfe.

Yana da shekara 14 ya shiga masaƙar siliki ta gidan Cheney da ke garinsu, sannan ya koyi aikin injuna a wurin wani makaniki. Daga nan ya shiga yawon neman sani kamar yadda masu sana'a ke yi. Ya yi aiki a Rochester, ya yi a kamfanin Ames da ke Chicopee, ya kuma yi a ma'aikatar bindigogi ta Samuel Colt a birnin Hartford. A waɗannan wurare ya ga tsarin da ake yayi a yankin a lokacin, wato a ƙera kowane ɓangare na kaya da awo ɗaya, ta yadda idan ya lalace za a ɗauko wani a maye gurbinsa ba sai an goge ko an rage ba.

Da ya koma gidan Cheney, ya ƙera injin da ke naɗe zaren siliki a jikin kwarkwaro da kansa. Masu masaƙar sun ga yaron yana da kai, suka ba shi damar amfani da injunansu bayan an tashi aiki. A waɗannan sa'o'i ne ya haɗa bindigarsa.

Bindiga mai harsashi bakwai

A wancan zamani yawancin sojoji na ɗura albarushi da harsashi ne ta bakin bindiga, gwani ya yi harbi biyu zuwa uku a minti ɗaya. Ta Spencer, wadda aka yi wa rajista a watan Maris na 1860, tana ɗaukar harsashi bakwai a cikin wani bututu da ke cikin gindinta. Soja zai ja wani mariƙi ƙasa ya mayar, kwanson da aka harba ya fita, sabon harsashi ya shiga.

Rundunar ruwa ce ta fara saye. Shugaban sashen makamai na sojan ƙasa, Janar James Ripley, ya ja ƙafa, yana ganin irin wannan bindiga za ta sa sojoji ɓarnar harsashi. Amma wasu kwamandoji ba su jira shi ba. Kanar John Wilder ya nemo wa dakarunsa ita, kuma a Yunin 1863 suka riƙe mashigar Hoover's Gap a jihar Tennessee a gaban abokan gaba. Zuwa ƙarshen yaƙin ta zama makamin da sojan doki na Arewa suka fi dogaro da shi. Jimillar waɗanda aka ƙera ta kai wajen 200,000.

Ƙarewar yaƙin a 1865 ita ce ta karya kasuwar. Gwamnati ta daina saye, ragowar bindigogin soja suka cika kasuwa da araha. A 1869 kamfanin da ke Boston ya rufe, kadarorinsa suka koma hannun Winchester. Spencer ya riga ya gwada wani kamfanin bindigar farauta tare da Sylvester Roper a garin Amherst, shi ma bai kai labari ba.

Daga keken ɗinki zuwa sukuru

A 1869 ya haɗa gwiwa da Charles Billings a Hartford. Sana'arsu ita ce buga ƙarfe mai zafi a cikin mazubi da gudumar inji mai faɗowa daga sama, kuma cikin abubuwan da suke yi har da ƙoshiyar keken ɗinki. Keken ɗinki na tashe a lokacin, gida-gida ana saye. Spencer ya ƙera injin da ke sassaƙa kwarkwaron da ke shiga cikin ƙoshiyar, daga sandar ƙarfe, shi kaɗai. Ganin wannan ya yi aiki, sai ya mayar da hankali ga abin da kowace masana'anta ke buƙata da yawa, wato sukuru.

Keke ɗaya ko bindiga ɗaya ko agogo ɗaya na cin sukuru da fil da ƙananan zobba masu yawa, kuma kowanne sai ya dace da raminsa daidai. Akwai injin sassaƙa ƙarfe tun kafin Spencer, har da mai kai mai juyawa wanda ake jera wa wuƙaƙe iri-iri. Amma dole mutum ya tsaya a kansa. Shi zai turo sanda, ya ɗaure ta, ya kawo wuƙar farko, ya janye ta, ya juya kan, ya kawo ta biyu, har sukuru ɗaya ya fita, sannan ya sake daga farko. Inji ɗaya, mutum ɗaya, kuma idan ya gaji awo ya fara kaucewa.

Spencer ya ɗauki duk waɗannan motsi na hannu ya miƙa su ga wata ganga ta ƙarfe da ke juyawa a hankali a ƙarƙashin injin. A jikin gangar ana ɗaure ƴan fallayen ƙarfe a karkace. Yayin da take juyawa, kowane falle yana tura wani hannu na injin a lokacin da ya dace. Wani ya buɗe bakin da ke riƙe sandar, wani ya turo ta gaba daidai tsawon da ake so, wani ya kawo wuƙar da ke rage kauri, wani ya kawo mai yanka murɗaɗɗen zanen da noti ke hawa, na ƙarshe ya yanke kayan ya faɗa cikin tire. Gangar na kammala zagaye ɗaya, sukuru ɗaya ya fita, aiki ya sake farawa. Ma'aikaci ɗaya sai ya kula da injuna da dama, aikinsa shi ne saka sabuwar sanda, wasa wuƙaƙe da duba awo.

Babbar hikimar tana cikin fallayen nan. Tun da ɗaure su ake yi, ana iya kwance su a sake musu wuri da kusurwa, injin da ya yi sukuru jiya ya koma yin fil ko zobe yau. Shi ya sa aka riƙa kwatanta gangar da ƙwaƙwalwar injin.

Kuskuren da ya ci shi

Takardar mallakar ƙirƙira tana kare abin da aka rubuta a cikinta ne kawai a matsayin sabon abu. Duk abin da aka manta ba a nemi kariyarsa ba, kowa na iya ɗauka. Lauyan da ya shirya wa Spencer takardar 1873 bai gane muhimmancin gangar mai fallayen da ake sauyawa ba, don haka bai nema mata kariyar da ta dace ba. Ɓangaren da ya fi kowane daraja a injin shi ne aka bari a buɗe.

Duk da haka Spencer ya ci gaba. Ya bar harkar Billings, a 1876 shi da George Fairfield, wani jigo a kamfanin kekunan ɗinki na Weed, suka kafa Hartford Machine Screw Company. Kamfanin ya bunƙasa, ya riƙa sayar wa sauran masana'antu sukuru da ƙananan kaya masu yawan gaske. Amma ba shi kaɗai ba ne a fagen. Cikin ƴan shekaru wasu kamfanoni, ciki har da Brown & Sharpe na birnin Providence, suka fito da nasu injunan masu aiki da kansu.

A shekarun 1870 ɗin nan kuma, maƙeran agogo na ƙasar Suwizilan sun bi tasu hanyar. Jakob Schweizer ya ƙera injin da sandar ce ke tafiya ta ratsa wani zobe, wuƙa na yanka dab da bakin zoben, abin da ke hana siririn ƙarfe lanƙwasa. Garin Moutier ya zama cibiyar ƙera irin waɗannan injuna. A Faransa ma, kwarin Arve da ke kewayen garin Cluses ya shahara da wannan sana'a da ake kira décolletage, har gobe kuma da ita aka san shi.

Komawa ga bindiga, da asara

Spencer bai iya zama wuri ɗaya ba. Tun a farkon shekarun 1860 ya haɗa wata mota mai aiki da tururi yana hawa a garinsu, har hukuma ta nemi ya kauce da ita daga hanya don tana firgita dawaki. A 1882, maimakon ya zauna ya ci ribar kamfanin sukuru, sai ya janye ya koma ga bindiga. Shi da Roper suka ƙera bindigar farauta wadda ake ja wa hannu baya da gaba don saka harsashi, ɗaya daga cikin na farko a irinta, ya kafa kamfani a garin Windsor na Connecticut. Bindigar ta yi kyau, kasuwancin ne ya gaza. A 1890 dillalin makamai Francis Bannerman ya saye abin da ya rage, Spencer ya tafka asara mai yawa.

Injin sukuru ne ya sake ɗaga shi. A 1893 ya kafa wani sabon kamfanin a Windsor, ya ci gaba da inganta injunan, ya shiga aikin masu riƙe sanduna da dama a lokaci guda, inda kowace wuƙa ke cin tata sandar, ba ta jiran wata. A ƙarshen rayuwarsa ya yi aiki da New Britain Machine Company. Ya mallaki takardun ƙirƙira 42. Ya haura shekara 80 sha'awar jirgin sama ta kama shi, ɗansa Percival kuwa daga baya ya zama mai zanen jirage, shi ya zana Seabee mai sauka a ruwa da tudu. Spencer ya rasu ranar 14 ga Janairun 1922 yana da shekara 88, bai bar wata babbar dukiya ba.

Abin da ya bari

Kamfanin da suka kafa a 1876 ya rayu bayansa, ya rikiɗe ya zama Stanadyne, wanda aka sani da famfon man injunan gazuwal. Sukurun yau da kullum da ake saya a shago yanzu galibi buga shi ake yi daga waya, domin ya fi sauri da araha. Aikin da ya rage wa zuriyar injin Spencer shi ne wanda ba ya son kuskure ko na kaurin gashi: ƴan bututun da ke auna mai a kaburetar babur, bawul ɗin taya, bakin biro, filolin da ke cikin mahaɗar wayoyin lantarki, sandunan cikin agogo, da sukurun da likitoci ke ɗaure karyayyen ƙashi da shi.

A sababbin injuna kwamfuta ce ta karɓi aikin gangar, umarnin da ake ɗaurewa da fallayen ƙarfe ya koma lambobi a allo. Amma inda ake son kaya iri ɗaya dubbai a rana, har yanzu akwai masana'antun da ke riƙe da tsofaffin injuna masu ganga da faifai, saboda saurinsu. Bindigar Spencer kuwa sai a gidajen tarihi da hannun masu tara kayan da.