Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaimanu da Sarautun Kudu

Duk wanda zai ba da tarihin sarauta a wannan yanki namu na Magariya da Dungas, tilas ya ratsa ta kan Sarki Tanimu, Allah ya jiƙansa, domin a zamaninsa ne aka ɗaure ƙasashen kudu da gadon Damagaram.

Tanimu ɗa ne ga Sarki Sulaimanu, wanda ya mai da fadar Damagaram garin Zinder a farkon ƙarni na 19. Bai samu gadon cikin sauƙi ba. A 1841 ya karɓe shi daga hannun ɗan'uwansa Ibrahim, bayan shekara biyu kuma Ibrahim ya komo. A wancan lokaci Damagaram tana bin Barno, tana kai gaisuwa Kukawa, kuma sarki ba ya zama daram sai da yardar Shehu. Sai a farkon shekarun 1850 Tanimu ya sake hawa, ya riƙe ƙasa har rasuwarsa a 1884, shekara talatin ko fiye.

Abin da aka fi tunawa da shi sananne ne. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, wadda har yau ana ganin kufanta. Ya tara bindigogi, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a cikin gari, ana kuma haɗa albarushi a nan gida. Ya buɗe ƙofa ga fataken Gadamus da Tarabulus, ayari yana fita da fatu da gashin jimina, yana shigowa da hajar arewa. Da wannan ƙarfi ne gaisuwar Kukawa ta yi ta raguwa, har ta kusa zama suna kawai.

Amma mu mutanen kudu, abin da ya fi shafarmu shi ne yadda ya yi da ƙasashen da ya ci. Kafin shi akwai tsofaffin sarautun Sosebaki, wato Miriya da Waca da Dungas. Akwai kuma zuriyar sarakunan Daura waɗanda jihadi ya fitar da su daga birninsu wajen 1805, suka kafa gadaje a Zango da Ɓaure da Magariya. Duk sun shiga ƙarƙashin ikon Damagaram. Sai dai Tanimu bai share gidajen sarautarsu ba. Ya bar kowace ƙasa da sarkinta da masu garinta, muddin ana kai haraji, ana kuma ba da mayaƙa in an buga tambari. Saboda haka rikicin iyakar gona, da ɓarnar dabbobi, da rabon gado, da saɓanin aure, a ƙofar mai gari ake fara jin su, in sun gagara a kai gaban sarkin ƙasa da malamansa. Abin da ya kai ga jini ko tawaye shi ke isa Birni, inda alƙali yake hukunci da littattafan Malikiyya.

Kada a ɗauka tausayi ne ya sa shi haka. Sarkin yaƙi ne, kuma dukiyar fadarsa ta dogara ƙwarai da kamun bayi. Garuruwan kan iyakar Kano sun sha wuyarsa, wasu ma na cikin ƙasarsa ba su tsira ba. Sarkin da ya ɗaga kai kuwa, tuɓe shi ba ya ɗaukar lokaci. Lissafi ya yi: ya gane ƙasa mai faɗi ba ta mulkuwa daga zaure ɗaya, kuma talaka ya fi karɓar hukuncin wanda ya san kakansa da iyakar gonarsa.

Shekara goma sha biyar bayan rasuwarsa, a 1899, sojojin Faransa suka ci Damagaram a yaƙin Tirmini. A 1906 suka tuɓe sarki, suka shiga yanka ƙasar kanto-kanto. Da suka nemi waɗanda za su riƙe kantunan, akasari ga tsofaffin gidajen nan suka koma, don ba su tarar da wani abin da jama'a ke saurara ba. Jamhuriyar Nijar ma ta bi sawu: dokar 1993 kan sarautar gargajiya ta tabbatar wa sarakuna ikon sasanta mutane a kan al'amuran gona da na iyali, a rubuta takardar sulhu, kafin magana ta isa gaban alƙalin gwamnati.