Dhan Gopal Mukerji, Mutumin Hindu Mai Rubuta Littattafai a Amirka

Cikin watan Yuli na 1890 aka haifi Dhan Gopal Mukerji kusa da birnin Kalkata, a ƙasar Hindu, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingilishi. Iyayensa Barahmanawa ne, watau dangin da ke riƙe da malanta da sha'anin addini a ƙasar. Wansa, Jadugopal, yana cikin samarin da suka tashi haiƙan don korar Turawa. Shi kuwa Dhan Gopal sai ya kama hanyar neman ilmi. Cikin 1910 ya tafi Japan, bai daɗe ba ya ƙetara teku ya sauka San Francisco, aljihunsa ba kome.

A nan ne, a ganinmu, labarinsa ya fi daɗin ji. Yaron da aka rena a gidan da ba a taɓa ƙazamin aiki, sai ga shi yana wanke kwanuka a gidajen mutane, yana ƙwadago a gonaki, don ya biya kuɗin makaranta. Ya fara karatu a jami'ar Berkeley, sa'an nan ya koma Stanford, ya gama cikin 1914. Wannan wahala duka ya bayyana ta cikin littafinsa Caste and Outcast na 1923. Cikin 1918 ya auri wata Ba'amirkiya, Ethel Ray Dugan, suka sami ɗa guda.

Littafin da ya ɗaukaka sunansa shi ne Gay-Neck, na 1927. Labarin wata tantabara ce da wani yaro ya yi kiwonta a Kalkata, aka tafi da ita Faransa zamanin Yaƙin Duniya na Farko tana kai wa sojoji saƙo. Ta komo gida tsoro ya cika mata ciki, ko tashi ba ta iyawa, har aka kai ta wurin masu ibada a duwatsun Himalaya ta warke. Malaman makaranta za su lura da dabarar: ta bakin tsuntsuwa ya nuna wa yara abin da yaƙi ke yi wa zuciyar soja. Cikin 1928 aka ba shi lambar Newbery, wadda ake bai wa littafin yara mafi kyau a Amirka kowace shekara.

Ba tatsuniya kaɗai ya tsaya ba. Da wata Ba'amirkiya, Katherine Mayo, ta buga littafi tana aibata Hindu cikin 1927, shi ma ya ɗauki alƙalami ya mayar mata da martani. Ya kuma yi abota da Jawaharlal Nehru, suna aika wa juna wasiƙu.

Amma zaman tsakanin ƙasashe biyu bai yi masa sauƙi ba. A shekarunsa na ƙarshe ciwon damuwa ya kama shi, ran 14 ga Yuli 1936 ya kashe kansa a gidansa a New York, yana da shekara 46. Saura shekara 11 a lokacin abokinsa Nehru ya zama Firayim Ministan Hindu na farko.