Tarihin Alhaji Musa Ɗanƙwairo, Jagoran Makaɗan Kotso

Yau za mu kawo labarin mutumin da ya san yadda ake haɗa bakuna da yawa su zama baki guda.

An haifi Musa a ƙasar Bakura, 'yan shekaru bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Kiɗa gadonsa ne. Ubansa Usman Ɗankwanda makaɗin Sarkin Maradun ne. Akwai wani baran gidansu mai zaƙin murya ana ce da shi Ƙwairo, da aka ji muryar yaron ta ɗauko tasa sai aka laƙaba masa Ɗanƙwairo.

Da uban ya rasu, shugabanci ya faɗa hannun wansa Abdu Kurna, shi kuwa aka ba shi Daudun Kiɗi. Ya daɗe yana amshi bayan wansa, bai yi gaggawar ƙwace gaba ba, har Kurna ya sallame shi ya kafa tasa ƙungiya.

A nan gwanintarsa ta bayyana. Shi ke ɗauko waƙa, ya ajiye ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani sashe ya miƙa wa wani, kotsanni na tafe ƙarƙashinsu, ba mai riga wani, ba mai makara. Wanda duk ya taɓa bin ayari ya san aikin madugu ke nan, ko na malami mai jan baƙi almajirai na biye. Aikin da Turawa ke yi da takarda da 'yar sanda a gaban makaɗansu, shi da ka da murya ya yi shi. Cikin masu yi masa amshi har da 'ya'yansa na cikinsa.

Ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, ya yi masa Mai Dubun Nasara. Da aka kashe Sardauna ran 15 ga Janairu 1966, ya rasa babban ubangida, amma ƙungiyarsa ba ta watse ba. Ya waƙe 'Yandoton Tsafe Aliyu, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Ado Bayero.

Ya rasu a 1991. Abin lura ga rayuwarsa, sai da ya iya bi kana ya iya ja. Allah ya jiƙansa, amin. Haza wasalam.