Albert Schweitzer, Shugaban Makaranta Da Ya Koma Ɗalibi

An haifi Albert Schweitzer cikin 1875 a lardin Alsace, wanda a zamanin yana hannun Jamus. Kafin ya cika shekara 30 ya riga ya zama shugaban makarantar horar da malaman addinin Kirista a birnin Strasbourg, ga shi kuma gwanin kaɗa ogan, watau babban abin kiɗan nan na coci.

Cikin 1905 ya ƙudura zama likita domin ya yi aiki a Afirka. Dangi da abokai suka yi ta faɗa, suna ganin wauta ce mutum ya bar kujera ya koma benci. Ba su rasa hujja ba, amma aikin likita ba a yinsa da ka. Ya ajiye shugabanci, ya zauna cikin samari yana ɗaukar karatu a jami'ar da shi kansa yake koyarwa. Sai 1913 ya kammala.

Abin lura ga ma'aikaci, bai yar da tsohuwar sana'arsa ba. Kuɗin kiɗa da na littattafansa sun tallafe shi wajen karatu, suka kuma tallafi asibitin da ya kafa a Lambarene ta ƙasar Gabon, wanda ya soma a wani tsohon ɗakin kaji. Matarsa Helene ma ta koyi aikin jinya don su tafi tare.

Shi aka ba lambar Nobel ta zaman lafiya ta 1952. Wasu sun zarge shi da ɗaukar 'yan Afirka tamkar yara, zargin kuwa da ƙamshin gaskiya. A Lambarene ya rasu cikin 1965, yana da shekara 90.