Edward Appleton, Mutumin Da Ya Auna Rufin Sama

Tun ina yaro nake mamakin abu guda. In dare ya yi sai akwatin rediyonmu ya kamo tashoshi masu nisa, amma muryar ta riƙa zuwa tana komawa. Ban gane dalili ba sai da na karanta labarin Edward Appleton, shi ne kuwa nake so in ba 'yan'uwana na wannan kwaleji.

An haife shi a Bradford ta ƙasar Ingila ran 6 ga Satumba, 1892. Ubansa ma'aikacin sito ne, ƙoƙarinsa kaɗai ya kai shi Jami'ar Kambirij. A Yaƙin Duniya na Farko aka sa shi aikin wayar iska cikin soja.

Tun 1902 waɗansu masana suke zaton akwai wani rufin iska mai lantarki can sama, wanda yake komo da saƙon rediyo ƙasa. Amma zato ba sani ba ne. A Disamba, 1924, Appleton da almajirinsa Barnett suka sa tashar BBC ta Bournemouth ta riƙa sāke tsawon zangonta a hankali, su kuwa suna saurare a Oxford. Sai ƙarfin saƙon ya riƙa hawa yana sauka, watau ta hanya biyu yake isowa, ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta sama. Da suka yi lissafi suka tarar rufin nan yana kimanin mil 60 bisa kanmu. To, ga amsar tambayata.

A 1946 ya bayyana wani abin da ya shafe mu. Layin tsakiyar duniya na maganaɗisu ya ratsa ta Nijeriya. An zaci bisa layin nan ne lantarki zai fi yawa da rana, ashe ya fi taruwa wajen digiri 15 arewa da kudu da shi. Bayan faɗuwar rana kuma iskar ta kan dagule, ta yi manyan kumfa masu rikita saƙon tauraron ɗan'adam da na GPS.

An ba shi Lambar Nobel a 1947. Ya shugabanci Jami'ar Edinburgh daga 1949 har rasuwarsa ran 21 ga Afrilu, 1965.

Mu da za mu zama malamai, ya kamata mu koya wa yara halinsa: abin da aka ji, a gwada shi tukuna.